Giyar atomatik ta fara gardama: matakan da za ka bi kafin a sauke giyabos

Yawancin motocin da ke yawo a Katsina sun ga jiya sun ga yau tun kafin su iso hannunmu. Corolla ce ta 2003 zuwa 2008, ko Camry da ake ce wa Big Daddy, ko Honda Accord da ake ce wa EOD, an more ta shekara da shekaru a Amurka kafin ta sauka Kwatano ko Legas. Lambar da ke kan dashbod ɗinta ma da mil aka ƙirga ta: mil 150,000 kusan kilomita 240,000 ke nan, in ma ba a mai da lambar baya ba. Mota mai irin wannan tafiya dole wata rana giyarta ta yi magana.

Abin da ke cin kuɗin mutane shi ne saurin yanke hukunci. Ka shiga gareji, yaro ya zagaya da motar sau ɗaya, ya dawo ya ce, "Alhaji, giyabos ya tafi, sai dai a sa Baljiyam." Wani lokaci gaskiyarsa ce. Sau da yawa kuwa mai ne ya yi ƙasa, ko sansa ce ta mutu, ko ma inji ne ba shi da lafiya aka ɗora wa giya laifi. Matakan nan sun taso ne daga mai araha zuwa mai tsada, kuma kada ka yarda a tsallake maka ko ɗaya.

Fara da sanin irin ciwon

"Giya ba ta shiga daidai" ba bayani ba ne. Kashe rediyo, sa ido kan allurar da ke nuna juyin inji, ka lura da abin da motar ke yi. Akwai jinkiri: ka sa D ko R, ta yi jim kafin ta kama. Akwai sulluɓewa: ka taka totur, inji ya ƙara kuka, allura ta hau, amma gudun bai ƙaru ba. Akwai duka, inda giya ke shiga da ƙarfi har ka ji a kujera. Akwai maƙalewa a giya ɗaya, galibi ta uku, mota ta tashi da nauyi kamar an ɗaure ta. Wannan biren bos, wato kwamfutar motar, shi ne ya kulle ta da gangan don kada ta ƙarasa lalacewa. Sai karkarwa a gudun kilomita 60 zuwa 80, kamar ka hau hanya mai gargada alhali kwalta sumul take.

Daga nan ka lura da lokacin. In da safe kawai take yi, ta ware bayan ta ɗumama, zato ya fi tafiya ga ƙarancin mai ko robobin ciki da suka bushe. In kuwa lafiya lau take da safe, sai ka yi nisa a hanyar Kano ta fara sulluɓewa, wannan ya fi ban tsoro, don idan mai ya yi zafi yakan tsinke, faiba (fatar kulocin da ke cikin giya) da ta cinye kuma ba ta iya riƙewa. Akwai wata alama da ta fita daban: mota ta yi tafiyar minti kaɗan ta daina ja gaba ɗaya, ka kashe ta, ka jira kaɗan, ka tayar ta sake tafiya. Filta ce ta toshe. Dattin ya taru a bakinta, da aka kashe inji ya zube, da aka tayar ya sake taruwa.

Abubuwan da ba giya ba ne

Biren bos yana zaɓar giya ne da bayanin da inji ke ba shi. Fulogi ko kwayil ɗaya ya mutu, mota za ta riƙa fizga, ka rantse giya ce. Sansar iska da ke bayan filtar iska tana cika da ƙura, musamman da hunturu, sai canjin giya ya rikice. Indomi (matatar hayaƙi da ke jikin salansa) da ta toshe tana kashe wa mota ƙarfi, direba ya yi ta danna totur, giya ta ƙi hawa sama.

Ƙarar "gum" lokacin sa D ko R sau da yawa kujerar inji ce ta tsage. Buɗe bonet, wani ya taka birki sosai ya sa D sannan R, kai kana gefe, ba a gaban mota ba. In ka ga inji na ɗagawa yana faɗuwa, ka samo ɓarawon. Duba kan batir da wayar da ta kama jikin mota, don ƙarancin wuta na haukata giyar zamani. In sandar giya ta ƙi fita daga P, duba ko fitilar birki na kamawa. Ɗan makunnin da ke saman fedar birki shi ke sakin ta. In sandar tana yawo sakaka ba ta canza komai, robar bakin kebul ce ta fita. In kuma an sa D ana jin ƙara amma mota ba ta motsi, kuma ko a P tana gangarawa in an tura, a duba shaf, wataƙila haƙoransa sun cinye.

Man giya: yawansa, launinsa, warinsa

A giyar atomatik mai ba don santsi kaɗai yake ba. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji a cikin kombata (tulun da ke haɗa inji da giya), shi ke matse faiba, shi ke sanyaya komai. Ya ragu da lita ɗaya, halin motar ya canza.

Yadda ake aunawa ya bambanta, kuma nan ake yawan kuskure. A Toyota mai sandar awo, ka yi tafiyar kamar minti goma sha biyar, ka tsaya a wuri mai daidai, inji na aiki, ka bi da sandar giya ta kowane harafi kana ɗan tsayawa, ka mai da ita P. Ciro sandar awo, goge, mayar, sake cirowa. Mai ya tsaya a alamar zafi. A Honda irin su EOD kuwa kashe inji ake yi, a auna tsakanin daƙiƙa 60 zuwa 90 bayan kashewa. Wanda ya auna Honda da dokar Toyota zai samu ƙarya. Wasu sababbin motoci ba su da sandar awo sam. Ta wani noti a ƙasa ake gane cika, kuma sai mai yana wani zafi na musamman, a Toyota wajen digiri 40, wanda galibi da kwamfuta ake ganinsa.

Cikawa fiye da ƙima ma ciwo ce. Mai yakan yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse komai.

Ɗiga man a kan farar takarda. Ja mai haske lafiya. Ruwan ƙasa-ƙasa mara wari ya tsufa, a canza. Baƙi mai ƙaurin ƙonewa, faiba ta riga ta ƙone. In ka murza shi a yatsa ka ga ƙyalli-ƙyalli, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. In kuwa ya koma kamar madara mai ruwan hoda, ruwa ya shiga, ko dai bututun da ke ratsa cikin lagireto ya fashe, ko an kutsa da motar cikin ruwan Agusta ya haura ramin numfashin giyabos. Wannan a ajiye motar nan take, domin ruwa na ɓamɓare fatar faiba daga ƙarfenta.

In mai ya yi ƙasa, to akwai inda yake bi, don giya ba ta ƙona mai kamar inji. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana. Wuraren da aka saba su ne sil ɗin bakin shaf, gasket ɗin tiren ƙasa, tiyo biyu masu zuwa lagireto, da sil ɗin da ke tsakanin inji da giyabos. Na ƙarshen ne kaɗai ke buƙatar saukewa.

A sa mata kwamfuta, amma da sharaɗi

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Sai dai ƙananan na'urori masu araha inji kaɗai suke karantawa. Su nuna P0700 su yi shiru, alhali wannan lambar cewa kawai take yi ɓangaren giya na da ƙorafi. Nemi mai na'urar da ke shiga giya. Kuma kafin ya goge komai, ɗauki hoton lambobin da wayarka. Wasu da zarar sun jona sai su goge, fitila ta mutu, su karɓi kuɗi, alhali shaidar ce suka share.

P0715 da P0720 sansar gudun shiga ce da ta fita. P0500 sansar gudun mota. P0705 makunnin da ke gaya wa biren bos harafin da ka sa. P0750 da P0755 solonoyid na canji, wato makunnin lantarki da ke buɗe wa mai hanya. P0740 da P0741 na kulocin cikin kombata ne. Waɗannan duka akwai fata, yawancinsu ana gyara su giyabos na jikin mota. Amma P0730 zuwa P0734 na nufin biren bos ya ba da umarnin wata giya, lissafin gudu ya nuna mashi ba ta kama ba. In mai ya cika kuma sansa lafiya, sulluɓewa ce ta ciki.

Lamba unguwa take nunawa, ba gida ba. P0720 na iya zama waya ce ɓera ya ci, ko soket ne ya jiƙe da mai. A duba waya kafin a sayi sansa. Ka kuma lura da dashbod: a Honda harafin D ke ƙiftawa, a tsofaffin Toyota fitilar O/D OFF.

Gwaji a tsaye da kan hanya

Bayan mota ta yi zafi, ja birkin hannu, taka birki, matsa daga N zuwa D ka ƙirga. Littafin gyaran Toyota ya ba da ƙasa da daƙiƙa 1.2 ga D, da ƙasa da 1.5 ga R. Abin da ya kai uku ko huɗu, matsin mai na zurarewa a wani wuri.

Sai ka fita inda babu cunkoso, kamar hanyar Daura bayan an bar gari. Taka totur a hankali ka ƙirga canji ɗaya bayan ɗaya, ka gane a wane canji ne matsalar take. In karkarwar nan ta gudun 60 zuwa 80 ta zo, riƙe totur yadda yake ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, taɓawar da za ta kunna fitila kawai. In ta ɗauke nan take, kulocin kombata ne, don taɓa birki na sakin shi. In ta ci gaba, koma kan fulogi, kwayil, taya ko shaf. Karkarwar kombata na cikin ciwukan da sabon mai na ainihi ke yawan warkarwa.

Akwai gwajin da ake taka birki da totur tare a ga inda allura za ta tsaya. Ka bar wa gwani, kada ya wuce daƙiƙa biyar, kuma kada a yi shi in mai ya riga ya ƙone. Wanda ya fi shi faɗin gaskiya shi ne agogon auna matsin mai da ake ɗaurawa a jikin giyabos. Makanikin da ka ga yana da wannan agogon, ka riƙe shi.

Canjin mai, da maganar "in ka canza za ta mutu"

Kowa ya taɓa jin wannan gargaɗin a majalisa. Asalinsa shi ne mutane ba sa tuna man giya sai ta fara sulluɓewa. A lokacin faiba ta cinye, garinta da ke yawo cikin tsohon mai shi ke ɗan taimaka mata ta kama. A zuba sabo, sauran riƙon ya tafi, a ce mai ne ya kashe ta. Giyar da manta ya yi duhu amma bai ƙone ba, canji alheri ne gare ta. Wadda ke wari tana sulluɓewa a kowace giya, kada ka zubar da kuɗinka a mai, tara su don babban aiki.

Irin man shi ne kan gaba. Corolla 2003 zuwa 2008 da Camry 2002 zuwa 2006 Toyota T-IV suke sha. Camry daga 2007 da Corolla daga 2009 WS ne. Honda na da nata, ATF-Z1 a da, yanzu DW-1 ya maye gurbinsa. Sau da yawa an rubuta sunan man a jikin sandar awo. Motoci masu CVT, wato giyar atomatik da ba ta canji hawa-hawa, kamar yawancin Corolla daga 2014 da Nissan da dama, mansu daban ne gaba ɗaya, kuma zuba masu jan mai na gama-gari hanya ce ta kashe su. Kalmar da za ka guda a bakin mai shago ita ce "duk ɗaya ne, ranka ya daɗe." Jabu kuma ya yi yawa, galan da aka rubuta Toyota amma kuɗinsa rabin na sauran, ka san akwai magana.

Yadda za a yi: a kwance notin ƙasa, a tare man a roba, a auna abin da ya fito, a mai da daidai shi. A Corolla ko EOD wajen lita uku ke fita, ƙasa da rabin abin da ke ciki, saura na cikin kombata. Saboda haka a yi tafiyar 'yan kwanaki a sake, har sau uku. A tsohuwar mota ban yarda da injin da ke tura mai da ƙarfi ba, balle ɗauraye ciki da fetur ko kananzir da wasu ke yi.

A Toyota a sauke tiren ƙasa, kuma ka tsaya ka gani da idonka. Akwai maganaɗisu a ciki. Laushin baƙin gari kamar kwalli a jikinsu ba komai ba ne, shekaru ne. Ɓarɓashin ƙarfe da kake iya tsinta da yatsa, ko gutsattsarin faiba kamar dusa, shi ne labari mara daɗi. A canza filta da gasket. A hana yaro lafta gam a bakin tire, don abin da ya matso ta ciki yakan gutsure ya toshe hanyar mai. Honda ba ta da irin wannan tire, babbar filtarta na can ciki. Maganaɗisun yana jikin notin zubar da mai.

Solonoyid da balb bodi

In lamba ta nuna solonoyid, a auna shi kafin a saya. A yawancin waɗannan Toyota, na canji yana ba da om 11 zuwa 15, masu daidaita matsi kuma wajen 5. Wanda ya ba da sifili ko ya ƙi ba da komai ya mutu. A Honda wasu solonoyid ɗin na waje, a jikin giyabos, kuma ƙarƙashinsu akwai 'yar raga da datti ke toshewa. Wanke ta kaɗai na iya dawo da canji daidai. Masu Peugeot 406 mai giyar AL4 sun san halinta: ta buga, fitilun dashbod su yi ƙifce, ta maƙale a ta uku. Mafi yawan lokuta solonoyid ɗin matsin mai ne, kuma guda biyun ake canzawa tare.

Balb bodi kuwa hanyoyin mai ne sirara, da ƙananan ƙwallaye da sifirin da kowanne ke da mazauninsa. Za ka ga an baje shi kan kwali a ƙasa, a gindin bedi, iska na kwaso yashi tana zubawa, yaro na goge shi da tsumman da aka share bakin mai. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maƙale balb. In za a buɗe, a buɗe kan tebur a cikin ɗaki, a ɗauki hoto kafin a taɓa ƙwallo ko ɗaya.

Zafi, da tamostat da aka cire

Zafin Afrilu da Mayu a nan yana haura digiri 40, ga lodi, ga tsayuwa a cunkoson Kofar Ƙaura da babbar kasuwa. Man giya a lagireto yake huce zafinsa, don haka duk motar da injinta ke zafi, giyarta ma na dahuwa. A wanke lagireto, a tabbatar fanka na aiki. Mai yawan doguwar tafiya da kaya ya ƙara 'yar lagireton man giya a gaba, kuɗinta kaɗan ne. Masu Accord V6 ta 2003 da 2004 su fi kowa kula, don a 2004 Honda da kanta ta kira su gyara saboda giya ta biyu na yin zafi.

Cire tamostat (abin da ke daidaita zafin ruwan inji) da aka mayar al'ada yana da nasa sharrin. A Toyota da yawa biren bos ba ya barin giyar sama ta shiga sai ruwan inji ya kai wajen digiri 60. Da asubar hunturu, mota mara tamostat za ta kama hanya allurar zafi na kwance, giyar ƙarshe ta ƙi shiga, mai ita ya kwana da baƙin cikin giyabos ya lalace. A mai da tamostat, magana ta ƙare.

In ta tabbata ciki ne

Mai ya ƙone, tire cike da ɓarɓashi, matsi ya faɗi, ribas ko wata giya ta ɓace: yanzu ne saukewa ta halatta. Kada a ja motar da igiya tayoyin gaba na ƙasa a tafi da nisa, don famfon mai da inji yake juyawa. A ɗora ta a kan mota.

Zaɓi biyu ne. A buɗe a canza faiba, robobi da sil, wanda ke da kyau in akwai gwani mai tsafta da kaya na kirki, kuma ƙarfen ciki bai ci ba. Ko a sa Baljiyam, a nan gari ko daga Kofar Ruwa a Kano. Ni dai ga Corolla da Camry na fi karkata ga Baljiyam, don suna da yawa kuma giyarsu na da juriya. Ga Honda V6 kuwa sai a yi hattara, wanda za ka saya ɗin ma shekarunsa ɗaya da naka.

A Toyota, takardar da ke manne a jikin ƙofar direba tana ɗauke da lambar giyabos a gaban A/TM, irin su U241E ko U250E. Da ita za ka je kasuwa, ba da "na Big Daddy" ba, don mai giya huɗu da mai biyar duk suna cikin Big Daddy. A gwada soket da soket. A kwance notin mai a ga abin da zai ɗigo, a duba notocin jiki ko an taɓa buɗe shi. A yi maganar garanti a rubuce, da yawan kwanaki, da wanda zai biya kuɗin aiki in aka dawo da shi.

Wajen ɗaurawa, a wanke tiyo da hanyar cikin lagireto sosai, in ba haka ba dattin tsohon zai shige sabon. In ruwa ne ya kashe na farko, lagireton ma a canza. Kada a mai da tsohuwar kombata. A sa sabon sil na gaba da na shaf tun yana ƙasa. A tabbatar kombata ta zauna har ƙarshe kafin a haɗa da inji. In aka ga giyabos ya ƙi mannewa sai an ja shi da noti, a tsaya, famfo ake shirin fasawa. Bayan an zuba man da ya dace an goge tsofaffin lambobi, kai da makanikin ku kama hanyar Kano har Charanci ku dawo, don ta yi zafi sosai ta shiga kowace giya. A sake auna mai a sake sa kwamfuta kafin ka biya cikon kuɗin, sannan ka leƙa ƙarƙashinta kowace safiya har kwanakin garantin su cika.